Ɗan Aiken Baba Bulus

Makera, Kaduna

Ƙanena Jethro,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kuma Legas ba ta ƙarasa cinye ɗan naman da ya rage a jikinka ba. Mu nan sai godiya. Kada ka yi mamakin ganin doguwar wasiƙa maimakon kira. Ciwon nan ya shanye wa Baba hannu da ƙafar dama, amma kunnensa garau yake. Ko raɗa na yi a waya sai ya tambayi da wa nake gulmarsa, maganar nan kuwa ba na so ya ji tukuna.

Ka tuna fim ɗin katun ɗin da ka fara lokacin kana koyon zane, wanda ka yi Baba yana tafiya masaƙa? Yana nan cikin tsohuwar kwamfutarka ta falo. Tun da aka sallamo mu daga asibiti Baba ya ƙi komai. Ya ƙi zuwa gashin ƙafa, ya ƙi sanda, ya ƙi a fitar da shi ko tsakar gida, wai ba zai zama abin kallon unguwa ba. Wata rana ina neman hotunan marigayiya Mama sai na buɗe abin naka bisa kuskure. Sai ga ɗan mutum da kakin masaƙa da kwanon abinci a hannu, yana tafe yana wurga ƙafa. Jethro, Baba ya yi dariya. Rabona da jin dariyarsa tun kafin ya faɗi.

Da laluben makafi na koyi jan mutumin daga wannan titi zuwa wancan. Yanzu kullum bayan ya sha koko sai ya ce, "Celina, fito da ɗan aikena." Shi zai faɗi inda za a je. Yau teburin Zakariyya'u mai shayi, gobe kasuwar Kakuri, jibi coci. In na wuce da shi ta gaban wani gida ban tsaya ba sai faɗa, wai yaushe ya taɓa wuce gidan su Benson bai gaisa ba. Daga nan sai labari ya ɓalle: yadda jiniyar tashi daga aiki take kaɗawa titi ya cika da kekuna har mota ba ta samun hanya, yadda mata ke jira da dafaffiyar masara a bakin get. Rabin mutanen da yake gaisarwa sun rasu, rabin shagunan sun zama wurin cajin waya, amma a cikin zanenka kowa yana nan.

Ga matsalar. Ka san lokaci-lokaci abin yakan nemi a haɗa shi da intanet, in haɗa da wayata in sa lambobin da ka bari a rubuce a jikin kwamfutar, shi ke nan. Jiya sai ya fito da wani dogon Turanci da jan rubutu, wai wannan tsohon samfuri ne, ba a yarda a ci gaba da aiki da shi ba, kuma zai rufe ƙarshen wata. Ban taɓa komai ba. Ka gaya mini abin da zan danna.

Yayarka,
Celina

Legas

Yaya Celina,

Na gaishe ki, na gaida Baba. Ya jikin nasa? Na karanta wasiƙarki a ofis, sai da na tashi na shiga banɗaki don kada a ga fuskata.

Kada ki danna komai, kuma kada ki haɗa kwamfutar da intanet. Bari in yi miki bayani yadda za ki gane. Manhajar zanen nan ba tamu ba ce, haya ake biya wata-wata, ofishinmu ke biya, ni kuma na bar sunana a kan kwamfutar gida. Kamfanin da ya yi ta ya aiko wa duk masu haya takarda cewa sun janye izinin tsofaffin samfura. Oga ya tara mu ya ce kowa ya goge nasa, ba ya son rigimar lauyoyi. In kin haɗa, take za ta rufe. In ba ki haɗa ba, za ta kai ƙarshen wata sannan ta rufe.

Za ki ce a buɗe shi da sabuwar mana. Nan gizo ke saƙa, Yaya. Mutumin yana da ƙasusuwa da na ɗaura masa a ciki, su ke sa shi tafiya idan kin ja shi. Sabuwar ba ta gane irin wannan ɗaurin.

Kin tuna yadda aka yi shi? Masaƙa ta daɗe da rufewa a lokacin. Na roƙi Baba ya yi mini tafiya in kwaikwaya, sai ya shiga ɗaki ya buɗe akwatin ƙarfe ya fito da kakinsa, a goge, yana warin kafur. Ya yi ta kai da komo a tsakar gida ina zaune a kan turmi ina zane. Mama tana tsince wake tana cewa, "Bulus, ka makara, za su yanke maka albashi!" Shi kuma yana harararta, bai fasa tafiyar ba. Ban ƙarasa fim ɗin ba na samu aiki na taho. Ban taɓa zaton akwai ranar da wani zai buɗe shi ba.

Ki kwantar da hankalinki. Zan zana masa sabo a sabuwar manhaja, wanda ya fi wancan kyau, yanzu ai hannuna ya faɗa. Zan turo gwaji ki nuna masa a waya. In ya yi, zan aiko da ƙaramar kwamfutar da za ta ɗauka.

Ƙanenki,
Jethro

Makera, Kaduna

Jethro,

Bayan gaisuwa, da fatan aiki lafiya. Saƙonka ya iso, kuma ni dai na ga kyau. Har inuwa ka sa masa, har rigar tana motsi da iska. Na kai wa Baba da murna. Ya kalla sau biyu, ya miƙo mini wayar ya ce, "Wannan manajan banki ne? Ina za shi da kwanona?"

Na ce Baba kai ne, Jethro ya gyara ka. Ya ce shi bai lalace ba balle a gyara shi. Wai wannan kafaɗunsa daidai suke, alhali tasa ta hagu a sauke take saboda shekarun da ya yi yana saɓa bandir ɗin yadi. Wai wannan ba ya taɓa aljihun gaba ya ji ko katin shiga aiki yana nan. Na koma na duba tsohon, wallahi duk suna ciki, har taɓa aljihun. Da kana zaune a kan turmin nan idonka ya ga abin da kai kanka ba ka san ka gani ba.

Kada ka yi fushi, na yi abin da ba ka sa ni ba. Na kira Sam mai gyaran kwamfuta na bakin kasuwa. Ya zo da cika baki, wai ba manhajar da ta gagare shi a Kaduna. Tsohuwarmu bai canza mata komai ba, na tsaya a kansa. Ya kwafi mutumin ya buɗe a tasa kwamfutar da wani samfuri da yake da shi. Ban yi dabarar juya allon ba, Baba yana kallo daga kujerarsa. Mutumin ya fito, ya ɗaga ƙafa ɗaya, sai gwiwa ta lanƙwashe ta baya, ƙafar ta rabu da jiki ta tsaya a gefe, shi kuma ya kife a kan titi da kwanon a hannu.

Sam ya fara tattara wayoyinsa. Sai Baba ya ce, "To. Shi ma ta same shi."

Ranar bai ci tuwo ba. Na shiga kicin na yi kuka mai isata, na wanke fuska na fito. Washegari na buɗe masa tsohuwar ya ga ɗan aikensa lafiya lau, amma bai aike shi ko'ina ba, kallonsa kawai ya yi. Ya san akwai abin da muke ɓoyewa. Wata kuma ya raba tsakiya. Jethro, ina jin tsoro. Abin nan shi kaɗai ke sa shi tashi da safe.

Celina

Legas

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban yi fushi ba, ni ma da abin da zan yi ke nan.

Na je wurin oga na gaya masa komai. Mutumin kirki ne, ya saurara, har ya rubuta wa kamfanin. Amsar ta zo da ladabi sosai: suna yi wa mahaifina fatan samun sauƙi, suna kuma ba da shawarar mu koma sabon samfuri. Na tambayi ko za a sayar mini da tsohon gaba ɗaya. An daina sayarwa.

Na sake gwada zanen har sau nawa, na sauke kafaɗa, na sa taɓa aljihu. Ya fito kamar mai kwaikwayon Baba a wasan Kirsimeti na yara. Wancan na yi shi ne ina kallon mai tafiyar a gabana, ina jin ƙarar takalminsa a siminti, ga ƙamshin miyar Mama. Yanzu daga ƙwaƙwalwa nake yi, ita kuma sai ta riƙa gyara shi ba da sanina ba. Na yi kewar gidan nan, Yaya, kewa mai tsanani. Har kukan janareton maƙwabta na yi kewa.

Abin da ya rage shi ne ki ɗauki bidiyon duk inda ya aiki mutumin kafin wata ya ƙare. Na san ba ɗaya ba ne, bidiyo ba ya jin aike, inda ya je jiya nan zai je gobe. Sannan ki gaya wa Baba gaskiya. Mutumin da ya ga an sa kwaɗo a get ɗin masaƙa da idonsa bai cancanci ya farka wata safiya ya tarar an rufe wannan ba tare da an sanar da shi ba. In ba za ki iya ba, ki sa ni a waya in faɗa masa.

Ƙanenki,
Jethro

Makera, Kaduna

Jethro ɗana,

Ina gaishe ka, Allah ya yi maka albarka. Ni ke faɗa, yayarka ke rubutawa, na kuma ce kada ta ƙara kada ta rage.

Ta gaya mini. Ku biyu kun yi ta nuƙu-nuƙu kamar an yi mutuwa. Bidiyo ba na so, na hana ta ɗauka. Ka daina damun oganka, ka riƙe aikinka da kyau.

Ban jira ƙarshen wata ba. Lokacin masaƙa, su suka zaɓi ranar, mu muka zo da kwanoninmu muka tarar da kwaɗo. Wannan karon ni na zaɓa. Ranar Asabar na sa ta zagaya da shi unguwa, ya gaida kowa. Sannan na ce ta kai shi get. Ta ce ba ka zana cikin masaƙa ba, daga get sai fari fat. Na ce ta shigar da shi haka, ya san hanya. Ya shiga. Na ce ta kashe.

Yanzu ba ni da ɗan aike. Jiya na so in san ko Ambrose makanike yana nan a tsallaken titi, ba wanda zan tura, sai na ce Celina ta kawo sandar. Mun daɗe ƙwarai kafin mu kai ƙofar gida. Tafiyar ba ta da kyan gani, kada ka zana ta. Ambrose yana nan, ya ajiye sifana ya tsallako, ya ce na rame.

Idan ka zo Kirsimeti kai za ka riƙe ni ta dama, kafaɗar yayarka ta gaji.

Mahaifinka,
Bulus