Injin da Ya Kori Turminki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajja, a makwancinki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahama. Ni ce Hadiza. Na san ba a aika wa kabari wasiƙa, amma duk mai ran da na kai wa maganar nan sai ya ce in yi haƙuri, ni kuwa haƙurin ne ya gajiyar da ni.

Maganar rumfarki ce ta unguwar Hausari a Potiskum, inda ke da Gwaggo Falmata, ƙanwar Baba, kuka yi shekaru kuna matsar man gyaɗa da suyar ƙuli. Da turminki kika biya mini makaranta. Ina tuna ki tsaye a kansa, kina tuƙa markaɗe kina yayyafa ruwan zafi, man yana tasowa a hankali. In na tsaya surutu sai ki ce, "Hadiza, juya gyaɗar nan, kya yi hirar daga baya."

Bayan rasuwarki wasu jami'ai suka zo daga birni da shirin bunƙasa sana'ar mata. Suka ce za a ba rumfar injin matsar mai, amma sai an yi daɓen siminti, an kawar da murhu da hayaƙi. Matan unguwar da kansu suka farfasa murhunan, suna guɗa. Turminki aka bai wa wata 'yar uwa a Gadaka, wai zamaninsa ya wuce.

Ranar da aka kawo injin na buɗe baki zan tambayi me yake ci, wutar lantarki ko man dizal. Gwaggo ta mintsine ni a cinya. Kin san tarbiyyarmu, ba a yi wa mai kyauta tambaya a gabansa. Aka yi hoto, aka yi addu'a, baƙi suka shige motocinsu.

Inna, wuta yake ci. Ba ma irin wadda take leƙo mu ta koma ba, wuta mai ƙarfi ta masana'anta, wadda ba a taɓa jawo ta unguwar ba. Ko sau ɗaya bai yi tari ba. Yana nan lulluɓe da tamfol kamar mai jinya, kaji suna kwana a ƙarƙashinsa.

Na tabbata a wani ofis an rubuta cewa matan Potiskum sun samu ci gaba. Ina karanta irin rahotannin nan. Suna cewa tattalin arziki yana haɓaka, wahalar ta ɗan lokaci ce. Tun ina budurwa nake jin ɗan lokacin nan, yanzu ga furfura. In na fita titi sai in ga tireloli ɗauke da shanunmu da hatsinmu sun nufi kudu. Fatar ta dawo mana takalmi, man girki ya zo mana a jarka da tambarin wani gari. Mu ne masu kaya, mu ne masu saye da tsada. Tunda kuɗin mota ya tashi kuwa, gyaɗar Nangere da ke nan kusa da mu ta zama kamar daga Makka ake kawo ta.

Masu tsiren bakin kasuwar shanu, waɗanda ba sa barbaɗa ƙulin kowa sai naki, sun jira har suka gaji, suka koma wa na wasu. Gwaggo da ba ta taɓa zaman banza ba ta koma zaman tabarma, tana jiran abin da 'ya'ya za su aiko. Ba yunwar ce ta fi cin ta ba. Ta daina fitowa ko suna da biki, don kada a tambaye ta labarin inji.

Shi ya sa makon jiya na hau mota zuwa Gadaka. Na tarar da turminki a bayan ɗaki, an kife shi ana zama a kai. Ya tsage ta gefe, amma gindinsa lafiya lau. Na ɗauko shi. Ni da Gwaggo muka kwaɓa laka muka gina murhu a kan simintin nan nasu. Tamfol ɗin injin muka yaye muka yi inuwa da shi, kin ga a ƙarshe ya yi mana amfani.

Hannun Gwaggo ya yi rauni, don haka ni na tuƙa, ita tana zuba ruwa tana yi mini faɗa, wai karatu ya kashe mini dantse. Da man ya taso ta sa yatsa ta ɗanɗana, ta kawar da kai. Washegari ta yafa mayafinta, da kanta ta kai wa mai tsire ƙulin.

Ban san ko sana'ar za ta tsaya da ƙafarta ba, Innata. Na gaji ƙwarai, kafaɗuna har yanzu ciwo suke. Amma rumfarki ta sake ƙamshi.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ya saka miki da Aljanna. Mu kuma ya ba mu shugabannin da za su tambaye mu kafin su taimake mu. Amin.

Taki har kullum,
Hadiza.