Saƙon da Ya Mutu a Bakin Jakada

Riyad, 14 ga Afrilu, 1986

Zuwa ga Sailuba, sanyin idona, ruwan randata a zafin Riyad, inuwar da nake nema tun saukata ƙasar nan,

Yayanki Hashimu ya gaya mini an buga miki bizar fita ta ƙarshe, jirginki ranar Alhamis. Tun da na ji, tsohon malamin cocin nan na Bosniya ya hana ni sakat.

Kin tuna shi? Ranar Sallah a gidan Hashimu a unguwar Aziziya, likitan nan ɗan Bosniya na asibitinku ya ba mu labarin wani malamin coci na ƙasarsu, shekara ɗari biyar baya, wanda sarki ke aikawa birane a matsayin jakada. Ya ce takardar jakada a lokacin ba ta ɗaukar saƙo, iyakarta ta ce a gaskata abin da zai faɗa. A tafiyarsa ta ƙarshe ya ƙetare duwatsu cikin ƙanƙara neman agaji, zazzaɓi ya kashe shi a ƙofar birnin. Aka buɗe takarda, ba komai. Agaji bai zo ba. Ke kuma daga bayan labule kika ce wa matar Hashimu, yadda zan ji, sakarci ne mutum ya mutu da magana a ciki.

Da ni kike, na sani! Shekara uku ina tafinta a ofishin jakadanci, ina dakon maganar manya, tawa ko kalma ɗaya ban isar ba. Dabinon kasuwar Utaiƙa da nake aiko miki, me ya taɓa gaya miki?

Yanzu malamin cocin nan nake gani, farin watana. Da rana tsaka yake tsayawa a ƙofar ofis cikin baƙar riga, ƙanƙarar gemunsa ba ta narkewa, leɓunansa na motsi ba sauti. Jiya na hango shi a gilashin mota, da na matsa sai na ga fuskata. Wayyo, Sailuba, tsoro nake ji! Idan jirgin nan ya tashi, wa zan gaya wa?

To, ga shi a rubuce: ina sonki, aurenki nake nema. Gobe bayan la'asar zan je wurin Hashimu. Don Allah kada ki ɗaure akwati kafin nan. Ko a ƙofarsa na faɗi matacce, in an buɗe tawa takardar za a sami komai a ciki.

Naki ke kaɗai, har ranar da za a rufe bakin nan,
Salmanu