Hoton Auren Yayana da Sharaɗin da Na Kasa Rubutawa

Ummi Safrida, don girman Allah ki taimake ni. Kaina ya kulle, kuma a gida ba wanda zan tayar wa da maganar nan ba a yi kuka ba.

Ni 'yar wani ƙauye ce kusa da garin Meulaboh da ke bakin teku, aikin kwamfuta nake yi a birnin Banda Aceh. Mutanen ƙauyenmu sun zauna a masallaci sun ce a buɗe shafin intanet na waɗanda teku ya tafi da su shekarar babbar ambaliyar nan ta tsunami, kowa ya ɗora hoton nasa. Da yake ni ce "malamar na'ura", kamar yadda suke tsokanata, sai aka jibga mini aikin. Shafin kam na gama shi. Saura sharuɗɗan amfani, dogon rubutun nan da kowa ke danna "na amince" bai karanta ba. Shi ya hana ni sukuni.

Yayana Zulfahmi yana cikin waɗanda ba a ga gawarsu ba. Ruwa ya cinye gidanmu da hotunanmu kaf. Ɗaya tak ya tsira a wurin gwaggonmu da ke kan tudu: hoton aurensa da Rosmiati, yana zaune, hannunta mai lalle a kan kafaɗarsa. Mahaifiyarmu ta ce shi za a ɗora. Ta ce wasu suna da kabarin da za su ziyarta, ita ba ta da ko tudun ƙasa, to shafin nan ya zame mata kabarin ɗanta.

Ita kuwa Rosmiati ta tsira, ta sake aure, tana birnin Medan da 'ya'yanta. Da labari ya kai mata sai ta kira ni. Da ma faɗa ta yi mini, da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ce ita ba ta mutu ba, kada a jera fuskarta cikin matattu. Na ce wa Mama to a yanke hoton a bar Yaya kaɗai. Ta fashe da kuka, wai teku ya raba su, ni ma zan biyo da almakashi. Kuma ko an yanke, hannun nan yana nan a kafaɗarsa.

Shi ne na rubuta sharaɗin cewa duk hoton da dangi suka ɗora ya zama na shafin, ba a cirewa. Idan Rosmiati ta yi magana, in ce ba ni ba ce, ƙa'ida ce. Na rubuta na goge, na sake rubutawa. Taron addu'ar shekara ya ƙarato, ranar za a buɗe shafin, ga idon Mama yana ta raguwa. Gaba kura, baya siyaki. Ummi, yaya zan yi?

Ƙanwar Marigayi

'Yata, Allah ya jiƙan Zulfahmi da duk waɗanda suka tafi tare da shi.

Zan faɗa miki gaskiya ko da ɗaci. Sharaɗin da kika rubuta labule ne kike son ɓuya a bayansa, shi ya sa hannunki ke goge shi. Ki bar shi a goge. Mahaifiyarki tana da gaskiya, mai neman inda za ta tsaya ta yi wa ɗanta addu'a ba a ce ta yi son kai ba. Amma Rosmiati ma ruwan nan ya bi ta kanta, kuma fuskar tata ce.

Ki rubuta sharuɗɗan gajeru, da harshen da tsofaffi za su gane. Dangi na kusa ne kaɗai za su ɗora hoton mamaci. Duk mai rai da ya ga kansa a hoto yana da ikon cewa a cire shi ko a rufe fuskarsa, ba sai ya kawo dalili ba. Idan an sami saɓani, kada ya zama ke kaɗai ce alƙali, a sa liman da wata dattijuwa su duba. Ki nuna wa lauya ya daidaita su da doka, sannan a karanta su a masallaci kafin a buɗe shafin, don na tabbata ba gidanku kaɗai ke da irin wannan hoton ba.

Hoton kuma, ki wanko shi babba, cikakke, ki rataye wa Mama a ɗakinta inda idonta zai kai. A shafin ki sa Zulfahmi kaɗai. Ki zauna ki faɗa mata da bakinki. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi fushi da ke, ki jure. Batun hannun mai lalle kuwa, ki kira Rosmiati ki tambaye ta, ki kuma karɓi amsar da ta ba ki. Waɗanda kike gina wa shafin nan ba wanda ya nemi izininsu kafin a tafi da su. Ita da ta rage, a nemi nata.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya ba Mama haƙuri.

Ummi Safrida