Na Jera Kwalekwale da Sarkin Ruwa

Daga ƙaninki Bakari a Haɗeja, zuwa ga Yaya Saude a Kukawa. Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Bunu da yara. Mu nan jiki lau, matata 'Yar'azumi ta yaye Auta, gero ma ya yi kyau. Hankalina ne dai ba a kwance ba.

Kin san yadda na taso. Da dakon kifin wasu na fara, yau kwalekwalen da nake da su sun fi na kowa yawa a bakin kogin nan, kuma ba wanda ya ɗaga ni sai Allah. To, ranar da aka buɗe kamun kifi a tafkin Baturiya, al'ada ita ce Sarkin Ruwa Fannami ya fara shiga shi kaɗai, ya yi abin da ya gada, sannan jama'a su biyo. Ba mai jerawa da shi sai kininsa, wato wanda ya gaji ruwa kaka da kakanni kamarsa. Ni kuwa na duba na ga ba abin da ya fi ni, na tura kwalekwalena daidai da nasa. Ko kallona bai yi ba.

Washegari ya aiko cewa tunda na mai da kaina kininsa, ranar kasuwa mu nutsa tare a gurbin nan mai zurfi inda kadoji ke kwanciya, kowa ya fito da kifi a hannu. In ba zan iya ba, in cire hula in durƙusa gaban masunta, in ce ni ba kowa ba ne. Yaya, shi kadojin sun san shi. Ni kuwa ubanmu manomi ne, bai bar mini komai na ruwa ba. Jiya na tsaya a bakin gurbin, na ga bayan wani kada ya taso kamar gungume, na ja da baya. Abinci ya ƙi shiga. 'Yar'azumi sai kuka, tana roƙona in je in durƙusa, wai yara sun fi hula.

Na riga na aika masa cewa zan shiga. Kafin fatake su kai miki wannan, an gama. In kin ji shiru, ki turo Malam Bunu ya kwashe yaran, a koya musu noma.

Ki gaida Inna Kulu da Fanna. Ki yafe mini, ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Bakari