Nauras Yana Tsagewa a Kan Siminti

Daga: Insaf Tal'at Shahin, Unguwar Bahari, Iskandariyya

Zuwa ga: Mai girma Injiniya Ra'afat al-Sirafi, Shugaban Ƙungiyar Masu Jiragen Shaƙatawa ta Marsa Zaituna

Kwanan wata: 21 ga Agusta, 2023

Game da: Fitar da jirgina, Nauras, daga ruwa ba da sanina ba, da ɓarnar da ta biyo baya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da kujerarka, ni ce 'yar marigayi Tal'at Shahin, mai jirgin nan Nauras da aka ƙera da katakon maɗaci a shekarar 1958. Ni na gaje shi. Ni nake kankare shi, in shafa masa mai duk shekara da hannuna, har yanzu da gwiwoyina suka fara yi mini gardama. Na rubuto ne domin jirgin yana mutuwa a harabar ƙungiyarka, kowa yana kallo. Ga yadda abin ya faru.

1. Ranar 3 ga Yuli, mataimakinka Ustaz Shukri Balbul ya sa aka ɗaga Nauras daga gurbinsa, wai don a sama wa baƙin gasar tsere wuri. Ba a kira ni ba, ba a aiko ba. A bakin mai sayar mini da kifi na ji. Aka dasa shi a kan siminti bayan gidan cin abinci, inda ko kyanwa ba ta kwanciya da rana. Ranka ya daɗe, jirgin roba zai shekara a kan tudu ba abin da zai same shi, amma na katako ruwa ne yake riƙe da shi. Katakon ya sha ruwa ya kumbura, ya matse audugar da aka cusa a tsakani, shi ya sa ba ya yoyo. In ya bushe sai ya tsuke, tsakanin katakan ya buɗe. Na ɗauka duk wanda aka damƙa wa tashar jirage ya san wannan. Ashe na yi zaton da yawa.

2. Da na zo da buhunan algarara da bokiti don in jiƙa su da ruwan teku in lulluɓe shi, kamar yadda ake yi tun zamanin mahaifina, mai gadi ya tare ni. Ya ce an hana, gishiri yana ɓata daɓen da masu cin abinci suke bi. Gasa ta ƙare, baƙi suka tafi, amma gurbina bai dawo ba. Wani farin jirgi mai hawa biyu ne a ciki har yau, kuma ban tambayi ko na wane ne ba, don na sani.

3. Wannan shi ne ya fi ci mini rai. Ranar 9 ga Agusta na sami Ustaz Shukri a ofis, na yi masa bayani cikin ladabi cewa jirgin ƙishirwa yake ji. Ya ce in kwantar da hankalina. Washegari sai ya sa mai ban-ruwan fulawa, Baba Gubashi, ya zura tiyo a cikin jirgin ya buɗe famfo, ya cika shi kamar baho. Ba na ganin laifin dattijon, abin da aka sa shi ya yi, har murna yake yana gaya mini. To amma jirgi an ƙera shi ne ya tare ruwa daga waje, ba ya ɗauke shi a ciki ba. Nauyin ya tura katakai suka rabu da haƙarƙarinsa, ƙusoshin tagulla suka zazzago, uku daga katakan ƙasa suka ɓalle. Ga shi ruwan famfo ne, wanda yake ruɓar da itace, ba na gishiri mai kare shi ba. Na iske ruwa yana tsiyaya ta ko'ina, yara suna wasa a ƙarƙashi. Na tsaya a wurin na yi kuka, ni da ban yi kuka a gaban mutane ba ko ranar jana'izar mijina. Yanzu hannuna yana shiga wasu tsagogin har wuyan hannu.

4. Da na koma ofis, a gaban ma'aikata biyu, Ustaz Shukri ya ce da ni: "Haba Hajja, ke kika ce ƙishirwa yake ji, mun ba shi ya sha, kuma sai faɗa? Ki bar mana shi mana, mu zuba ƙasa mu shuka fure, amare su riƙa ɗaukar hoto. Ai ya fi ki riƙa wahalar da kanki a waɗannan shekarun." Aka yi dariya. Na rubuta maganar yadda ya faɗe ta, ban ƙara ba, ban rage ba. A cikin jirgin nan mahaifina ya koya mini riƙe sitiyari ina tsaye a kan akwatin lemo, kuma da shi ya jawo rabin iyayen mambobinka zuwa gaɓa lokacin da injinansu suka mutu. Shi ne yau za a mayar tukunyar fure.

Saboda haka, cikin ƙasƙantar da kai, ina roƙon Mai girma Shugaba:

Ya ba ni izinin kafa rumfa a kansa da jiƙa shi da ruwan teku daga yau, ba sai kwamiti ya zauna ba. An ce mini zaman kwamiti sai Oktoba. Ƙashin bayan jirgin ya fara tsagewa, kuma in ya tsage babu kafintan da zai iya ɗinke shi. Rana ba ta jiran kwamiti.

Ya bar kafintana ya shigo ya mayar da katakan, ya sake cusa auduga.

Ranar mayar da shi ruwa, kada a sake shi kai tsaye don mai injin ɗagawa yana sauri. A bar shi a goye cikin ɗamarar injin, rabinsa a ruwa, har katakon ya kumbura ya daina yoyo. In aka sake shi a yadda yake, kafin a gama shan shayi ya nutse.

A mayar mini da gurbina.

Ban nemi a hukunta kowa ba, kuma ban nemi a ba ni haƙuri ba, na ƙoshi da shi. Amma idan ƙungiya ta riga ta yanke cewa Nauras ba zai sake taɓa ruwa ba, to a faɗa mini a fili, a daina ce mini gobe. Sai a buɗe mini ƙofa in shigo da zarto, in wargaza shi da hannuna, in kwashe katakon in kai gida. Zan iya wannan, duk da ban san yadda zan kwana ba bayan na yi. Abin da ba zan iya ba shi ne in ci gaba da zuwa kullum da safe ina auna tsagarsa da yatsa, ku kuna cin soyayyen kifi a gefensa.

Ina jiran amsarka kafin ƙarshen makon nan, domin jirgin ba shi da wani makon.

Da dukkan ladabi, duk da zuciyar ba daɗi,

Insaf Tal'at Shahin
Mai jirgin Nauras