Taron Ungozomai Yana Neman Suɓuce Mani

Zuwa ga Gwaggo Ladi,

Assalamu alaikum. Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni, ki amsa mani kafin watan nan ya ƙare, don in ya ƙare shawarar ba za ta amfane ni ba. Ina gaishe ki da aiki, ya gida, ya jama'a. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, kaina ne a ɗaure.

Ni ungozomar asibiti ce a nan birnin Katsina. Muna da wata 'yar ƙungiya ta mata ma'aikatan lafiya, ni ce sakatariya. Zamanin soja sai dai mu haɗu in an yi wa ɗayanmu haihuwa ko rasuwa. Tun da aka koma mulkin farar hula bara kin ga yadda gari ya zama, kowace ƙungiya ta farka, yau bita, gobe ƙaddamarwa, jibi taron ƙara wa juna sani. Mu ma aka ce lokaci ya yi da za a san da zamanmu.

Ni na kawo shawarar abin da za a yi taron a kai, kuma ga dalili. Daminar da ta wuce ƙanwata Hajara ta rasu wurin haihuwa a wani ƙauye bayan Kaita, inda take aure. Naƙuda ta yi tsawo, da ƙyar ta haihu, jini ya ɓalle. Kafin maza su yarda a nemo mota, kafin motar ta haye rafi, rai ya yi halinsa. A bayan a-kori-kura aka kawo mani ita, ina bakin aiki da fararen kayana. Ni da na karɓi haihuwar matan da ban san iyakarsu ba. Jaririn ya rayu, yana hannuna yanzu, har ya fara rarrafe.

Bayan sadakar arba'in na koma ƙauyen da niyyar in ga ungozomar da ta zauna a kanta, wata dattijuwa, Inna Dije. Wallahi da fushi na je. Na iske ta rame, ta daina karɓar haihuwa, ko rijiya ba ta zuwa saboda nunin da ake mata. Ta ce mani tun da hantsi ta ga abin ya fi ƙarfinta, amma ba wanda ya saurare ta, ita kuma ba ta matsa ba, don wata rana da ta raka mai naƙuda asibiti an yi mata tsawa gaban mutane, an ce ita ta ɓata ta, aka kore ta waje. Tun daga nan take tsoron masu fararen kaya. Fushin da na je da shi ban dawo da shi ba.

Shi ne na ce a tara ungozomomin ƙauyuka da mu na asibiti, yini guda, da Hausa, mu yi magana a kan alamun da in an gani ba a jira, da wanda za su nema in sun iso asibiti, da yadda kowane gari zai tanadi direban da za a tasa. Kowa ta ce madalla. Da ƙafata na bi kasuwannin Kaita da Rimi da Batagarawa da Jibiya ranakun hutuna, ina roƙon tsofaffin nan, ina roƙon 'ya'yansu maza su bar su su zo. Inna Dije ta ƙi, sai da na rantse mata ba mai wulaƙanta ta, kuma za a saurare su.

Gwaggo, sai abu ya shiga hannun kwamiti. Shugabarmu, Hajiya Baraka, ta ce taron zamani za a yi. An kama zauren wani otal can unguwar manya, nesa da kowace tasha. An ba da aikin jakunkuna da kalanda, an fitar da anko, an kira mai ɗaukar bidiyo. Da aka miƙo mani tsarin taro in kai a buga, na karanta: gabatar da manyan baƙi, jawabin maraba, jawabin uban taro, na uwar taro, ƙasida biyu da Turanci daga likitoci, wasan 'yan makaranta, jawabin babban baƙo, godiya. Wuri ɗaya na ga ungozomai, can ƙasa: ɗaukar hoto da babban baƙo.

Na san irin taron nan. Watan jiya na je wani, mutanen ƙauye suka zauna tun safe ba ko ruwa, babban baƙo bai iso ba sai bayan la'asar, maroƙa suka cika wuri, abinci ya ƙare a babban tebur. Haka suka fita neman mota da yunwa.

Ba a nan ta tsaya ba. Mai buga kalanda ne ya tambaye ni hoton wa zai sa, don an kawo mashi biyu. Ashe Hajiya Baraka ta gayyaci wani ɗan majalisa, mataimakiyarta Sista A'isha kuma ta gayyaci wani shugaban ƙaramar hukuma daga wata jam'iyyar, kowa an ce mashi shi ne babban baƙo. Mutanen nan tun zaɓe ba sa ga maciji, kuma kowannensu da tawagar samari yake yawo. Ina tuna wannan sai in ga tsofaffina a tsakiya ana jifa da kujeru.

A zaman kwamiti na faɗi damuwata, wataƙila da zafi. Hajiya Baraka ta ce gaban kowa baƙin ciki ne ya rufe mani ido, taron da ba manya hira ce, in na san wanda zai ba ƙauye motar ɗaukar marasa lafiya ban da su in faɗa. Tun ranar da ƙyar take amsa gaisuwata. Matar nan ita ta koya mani aiki, ita ta tsaya mani kamar uwa a bikina. Ba na iya haɗa ido da ita.

Maigidana ya ce in ajiye sakatariyar in huta. Abinci ba ya shiga. Shekaranjiya na tsinci kaina ina kuka a ɗakin awo, mai ciki ce take ba ni haƙuri. In na janye, tsofaffin nan za su zo saboda ni, su iske ba ni. In na aika masu kada su zo, ba za su ƙara amsa kiran asibiti ba har abada. In na tsaya na yi faɗa, na rasa uwata ta aiki. Gwaggo, ya zan yi?

Taki,
Mai neman mafita, Ƙofar Marusa

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya jiƙan Hajara, ya raya abin da ta bari, ya ba ki ladar riƙo.

Kada ki ajiye muƙami, kada kuma ki aika wa kowa kada ta zo. Taronki bai lalace ba, taro biyu ne aka cusa a riga ɗaya, shi ya sa take neman yagewa.

Bari in fara da abin da ba za ki so ji ba. Hajiya Baraka tana da gaskiyarta. Kuna iya yini kuna magana mai ma'ana, in wanda ke riƙe da mota da man fetur bai ji ba, za ku tashi da ilimi, hanya kuma tana nan yadda take. Mulkin farar hula amfaninsa ke nan, mai kujera yana buƙatar a gan shi cikin jama'a, ku kuma kuna buƙatar sa hannunsa. Inda ta kuskure shi ne da ta mai da masu taron 'yan kallo. Ke kuma kin kuskure wuri. Babba ba a gyara mata tsari gaban na ƙasa da ita, ko da ke ce da gaskiya.

Ki same ta a gida, ke kaɗai, ki ba ta haƙuri a kan zafin da kika yi. Kada ki ce a soke komai nata. Ki roƙe ta abu ɗaya: ta ba ki safiya, ta riƙe yamma.

Da safe zaman aiki, ba baƙi, ba babban tebur, ba bidiyo. In otal ya yi nisa, ku nemi aron aji a wata makaranta kusa da tasha, ko ku tanadi motar da za ta kwaso su. Duk wadda ta sauka a fara ba ta koko da ƙosai kafin a ce mata komai, mai yunwa ba ta jin bita. A shimfiɗa tabarmi, a rarraba su ƙungiya-ƙungiya, kowace da ma'aikaciyar asibiti a ciki, kuma ranar ku bar fararen kaya a gida. Ku fara da tambayarsu abin da ke hana su turo mace da wuri, ku yi shiru ku ji, ko da abin da za su faɗa a kanku ne. Likitocin da suka rubuta ƙasida a roƙe su su zo su faɗi gundarinta da Hausa, a taƙaice, takardar a raba wa masu karatu. Kafin azahar ku fitar da buƙatu kaɗan, waɗanda mutum zai iya riƙewa a ka, kowace da sunan wadda za ta bi ta. Takardar bayan taro mai shafi goma a aljihun tebur take kwana.

Bayan salla da abinci sai bikin Hajiya Baraka, da ankonta da kalandarta. Kin ga ko baƙo ya makara, aikinku ya riga ya kammala. A ba matan ƙauye abincinsu tun kafin na manya, a kuma sanar tun farko cewa bayan la'asar motarsu za ta tashi, ko an gama jawabi ko ba a gama ba. Ku samo mai gabatarwa mai kwarjini wanda zai iya karɓe lasifika cikin ladabi, ba wanda zai ɓata lokaci da kirari ba. Ku gwada lasifikar tun jajibiri, ku tanadi janareta.

Batun baƙi biyu kuwa, yau za a gyara shi, ba ranar taro a bakin ƙofa ba. Kujerun girma ba ɗaya ba ne. Ɗaya ya zama shugaban taro, ɗaya babban baƙo, hoton kowa ya fito daidai da na ɗan'uwansa, ko a cire duka a sa tambarin ƙungiya. Wadda ta gayyato kowanne ita za ta je ta faɗa mashi gaskiya, har da sunan wanda zai tarar, ta kuma roƙe shi ya bar samarinsa a waje don taron iyaye mata ne. In ɗaya ya ce ba zai zo ba, Allah ya raka taki gona, ya fi a yi abin kunya. In duka suka zo, to ku karanta masu buƙatunku suna zaune gefe da gefe. Ba wanda zai so abokin hamayyarsa ya riga shi alkawari gaban jama'a, ku kuma mai bidiyonku yana nan.

Sai Inna Dije. Kin yi mata rantsuwa za a saurare ta, ba ki ce za ki tsayar da ita gaban lasifika ba. Ki zaunar da ita cikin 'yan'uwanta da safe, in ta yi magana to, in ta yi shiru zuwanta ma magana ce. Kada a ambaci sunan Hajara a zauren, don duk idanu kanta za su koma. Ke ma ki kiyaye, ɗiyata. Kin ɗora wa yini ɗaya nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Taron nan ba zai biya ki rashin da kika yi ba. In ya sa ungozoma ɗaya ta turo mace ɗaya da wuri, aka karɓe ta da fara'a, ya yi aikinsa.

In Hajiya Baraka ta ƙi ba ki safiyar, wanda ban zata ba, kada ki yi faɗa. Ki tarbi baƙinki da kanki, ki ciyar da su, ki zauna cikinsu har a tashi, sannan ki sa wata rana ku haɗu a ƙauye, ƙarƙashin inuwa, ba kati ba anko.

Ki rarraba aikin nan, ba ke kaɗai ce a ƙungiyar ba. Ki ci abinci. Gobe Juma'a, ki sayi goro ki tafi gidan uwarki ta aiki da yamma, ki durƙusa ki gaishe ta kamar yadda kika saba. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya, ya mai da kowace tsohuwa ɗakinta kafin magariba.

Gwaggonki,
Ladi