Kaskon Babayo da Ledar Juwairiyya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ni Fatu, wadda mutanen Katagum suka laƙaba wa Baturiya tun hasken bai dushe ba, nake wannan rubutu da hannuna a ɗakina a Azare, cikin daminar 2007. Hankalina ƙalau yake. Ƙafa ce ta ƙi, ƙirji kuma yana kukan tsohon ƙyaure, amma kan nan bai taɓu ba, duk da abin da kuka yi mini ya isa ya taɓa shi. Bokona na yaƙi da jahilci ne, inda ya karkace ku miƙe shi. Zuwa gare ku ku biyun da Allah ya bar mini: Babayo, da ƙanwarsa Juwairiyya.

Na ɗaya. Gado ba na sa baki, malamai su raba yadda Allah ya ce. Ba a bina ko kwabo. Kaskon da ke bayan gida dai na maƙwabciyata Ya Fanna ne, a wanke a mayar mata.

Na biyu. Maganar 'yan tsaki. Kun san ban taɓa kiwon kajin gidan gona ba sai bana, da hayaƙi ya raba ni da tuyar ƙosai, zaman banza ya nemi kashe ni. Ranar kasuwa na ga wani mutum da kwali mai huji-huji yana tsuwa. Na leƙa, sai ga su rawaya kamar an zuba gwaiduwa. Na tambayi uwarsu, ya ce inji ne ya ƙyanƙyashe su. Na riƙe baki. Na haifi tara, na yaye jikoki, ban taɓa jin abin da ya zo duniya babu mai yi masa kwanci ba. Tausayi ya sa na kwaso hamsin.

Ashe uwa na sayo wa kaina da tsufa. Na shimfiɗa musu ɓuntun shinkafa a akurki, na kunna fitilar ƙwai. Uku suka nitse a kwanon ruwa tun ranar farko, sai da na koyi zuba tsakuwa a ciki. Na ba su tsakin gero kamar na kajin gida, suka dube ni kamar na zage su. Su sai abincin buhu, 'ya'yan masu kuɗi. A hankali na gane yarensu. In sun dunƙule a lungu suna hawa kan juna, sanyi ne. In sun guje wa wuta baki buɗe, zafi ne. In sun watsu suna tsince-tsince, je ki yi sallarki. Ko ku ban yi wa hidimar da na yi musu ba, kuma su ba su taɓa mayar mini da magana ba.

Na uku. Abin da ya faru da aka kwantar da ni a asibiti, zan rubuta shi don kada wani ya gyara labarin a bayana. Tun da mijin Juwairiyya ya rasu ta dawo sashen yamma na gidan nan, ruwan rariyar Babayo ke bi ta ƙofar madafarta. A kan wannan rariya kuka daina gaisawa, damina biyu ke nan, ku da furfura a kai. Na ɗauka abin wasa ne.

Ranar da aka yini ana ruwa, Babayo ya ji tausayin 'yan tsakina, ya cika kasko da gawayi ya sa musu a kwanar akurki ya ja ƙofa. Madalla. Juwairiyya ma ta ji tausayinsu, ta zo bayansa da leda ta toshe kowace kafa har da tagar raga. Madalla. Da gari ya waye aka kwashe gawarwaki a daro. Shida suka rage, waɗanda suka sami tsaguwa a gindin ƙofa suka cusa baki.

Unguwa ta ruɗe, aka ce murar tsuntsayen bara ce ta dawo. Ya Fanna ta ɗure kajinta a kwando ta aika da su Sakwa wajen 'yar'uwarta, zakaranta ya mutu a hanya. Sai da malamin dabbobi ya zo ya duba, ya ce babu wata mura, hayaƙi ne ya shaƙe su.

Ba mutuwarsu ce ta hana ni barci ba, rai na Allah ne. Abin da na ji daga bakinku ne, kowa shi kaɗai. Juwairiyya, kin ce kin ji warin gawayi kina ɗaura ledar, kika ɗauka daga sashen yayanki yake, ba za ki tambaye shi ba. Babayo, kai kuwa ka koma kafin magariba, ka ga ledar da idonka, ka san akwai wuta a ciki, ka juya don kada a ce ka taɓa kayanta. Innalillahi. Ba mugunta ce ta kashe su ba, alheri biyu ne da suka ƙi gaisawa.

Na huɗu. Shidan nan na ba ku kyauta tun ina da rai, ku biyu tare, Ya Fanna ce shaida. Ba a raba su uku-uku. Makullin akurki na Babayo ne, buhun abinci na Juwairiyya. Mai makulli ba shi da abinci, mai abinci ba ta da ƙofa, sai ku san yadda za ku yi kowace safiya. Ban yarda a aiki jikokina ba, mazajena da kishiyoyina ba 'yan aike ba ne. In sun girma, a ba Ya Fanna wadda ta fi ƙiba a madadin zakaranta, ku kai mata tare.

Na biyar. Rariya a juya ta ta bi bango ta fita titi. Babayo ya haƙa, Juwairiyya ta nuna masa hanya, kuma ya bi.

Na shida, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Yanzu ni ce a akurki. Ba na iya tashi, abin da aka sa mini a baki shi nake haɗiyewa. Shekaranjiya kowannenku ya kawo mini ƙwayar hawan jini, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana ganin shi kaɗai ke kula da ni. Ta biyun tana ƙarƙashin matashina. Daga yau kada wanda ya ba ni ko ruwa sai ya tambayi ɗan'uwansa, baki da baki, ina ji. In ta Allah ta kasance, a nan Azare za a rufe ni. Na faɗa ne don kada wani ya sa a haƙa a Katagum, wani a nan, a bar ni a tsakar gida ana kallon-kallo.

Na yafe muku nonon da kuka sha, na yafe muku 'yan tsakina. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu jin ƙanku, ya rufa muku asiri duniya da lahira. Ku riƙe gidan nan, ku riƙe juna, ba ku da wasu. Wannan takarda kuwa kada ku jira sai na mutu. Ku shigo yau bayan la'asar, ku zauna a tabarma ɗaya, Babayo ya karanta, Juwairiyya ta gyara masa inda ya tsallake. Ina so in ji muryoyinku a ɗaki ɗaya tun kunnena yana aiki.

Uwarku,
Fatu Baturiya